Bokitin da Muke Karɓe wa Yaya

Yayana, ɗan farin Innarmu, mutum ne da ban taɓa gani a zaune da rana tsaka ba sai bayan da ya yi ciwo. Gyaran injin ban-ruwa yake yi. Duk mai lambu a gefen Rurum da injinsa ya ƙi tashi, gidanmu na Tsohon Gari yake zuwa ya yi sallama, Yaya ya saɓi jakar sifanoninsa ya haye bayan babur. Ya dawo hannu baƙi ƙirin, yana ta ba mu labarin wani ɗan ƙarfe da ya cinye kamar mu ma mun san shi. Ni kuwa tun ina ƙarama Allah ya yi ni da tambaya, har Inna take kirana 'yar jarida. Duk gidan Yaya ne kaɗai yake da haƙurin amsa min.

Ciwon ya same shi bayan rasuwar mahaifinmu. Da farko barci ne ya ƙaurace masa. Daga nan ya fara cewa yana jin mutane suna zancensa a cikin ƙarar inji, daga baya ko an kashe injin yana jin su. Aka yi rubutu, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi. A ƙarshe ni da ƙanenmu muka kai shi asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Kano. Ƙanen nan namu magidanci ne da gemunsa, acaɓa yake yi, amma har gobe Auta muke ce masa. Aka ɗora Yaya a kan magani, muryoyin suka yi shiru, barci ya dawo. Inna ta yi sadakar waina, muka ce an gama.

Ashe ba a gama ba. Yaya ya dawo gida ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya zauna. Ba ya kuka, ba ya faɗa. In ka gaishe shi ya amsa, in an kawo abinci ya ci, in an yi kiran salla ya yi a inda yake. Jakar sifanonin tana rataye a ƙusa har zanzaro ya yi ɗaki a jikinta. Damina ta wuce, kaka ta wuce, masu lambu suka koma kai injinansu Rano.

Kowa da fassararsa. Wasu suka ce maganin asibiti ne ya kashe masa jiki. Wasu suka ce hannu aka sa masa. Wata gwaggonmu ta zo dubiya daga Fammar, ta kalle shi ta ce da Inna, “Wannan ai ya warke, son jiki ne kawai ya samu wuri.” Ranar sai da na tashi na shige ɗaki, don in na buɗe baki za a ce ba ni da kunya. Tsorona ɗaya ne, kuma ban iya faɗa wa kowa ba: kada Yaya ya tsufa a kan tabarmar nan, mu saba da ganinsa haka har mu manta ya taɓa zama wani mutum daban.

Ni a Rano nake aure, a can nake koyarwa a firamare, amma ni nake raka shi karɓar magani. A nan wata ma'aikaciyar jinya da kowa yake kira Sista ta ja ni gefe, bayan na dame ta da tambaya. Ta ce wannan zaman da yake yi yana cikin ciwon, ba hali ba ne.

“In an kawo masa tsire, yana jin daɗinsa?” ta tambaye ni.

Na ce sosai ma, har murmushi yake yi.

“To zai tashi ya je bakin titi ya saya?”

Na ce ko da wasa.

Ta ce, “Kin gani. Daɗin yana nan, ɗokin ne ya tafi. Ke kafin ki ci tsire kin riga kin ji shi a bakinki, shi yake ɗaga ki daga zaune. Shi kuwa ba ya jin komai sai abin ya zo.”

Tun daga Kano har Rano ina juya maganar nan a mota. Ban taɓa sanin daɗi da ɗoki abu biyu ne da za a iya ɗauke ɗaya a bar ɗaya ba. Na riƙa gwada kaina: me ya sa nake tashi in ɗora girki, yunwa ce ko ƙanshin da nake ji tun ban hura wuta ba?

Sista ta ce suna da wani shiri da ake yi ta waya don masu irin wannan mutuwar jiki. Kullum da safe saƙon murya zai shigo, a tambayi mutum wane ƙaramin abu yake so ya yi yau, shi zai zaɓa da kansa. Sai ya yi hasashen daɗin da zai ji: kaɗan, matsakaici, ko sosai. Da yamma ya aiko da yadda ta kasance. Ran Asabar kuma a haɗu duka a wani zaure na cikin wayar, ana ganin juna, a yi hira da Sista. Dabarar, in ji ta, ita ce mutum ya riƙa kama kansa yana yin hasashen da bai kai ba. Ya ce kaɗan, ya tarar da matsakaici. A hankali ɗokin ya fara tsirowa.

Na ba Yaya tsohuwar wayata. Auta ya ɗauki nauyin kai ta caji. Muka zagaye gidan muna ɗaga ta sama har muka gano sabis ya fi zama a jikin rumbu, ta wajen katangar gabas. Inna tana kallonmu tana tsince shinkafa, sai ta ce da ni, “Mutumin da muka sha wuya kafin muryoyi su rabu da shi, shi za ki kawo wa wata muryar a cikin akwati?”

Wallahi ban yi wannan tunanin ba. Yaya ne ya ba da amsa daga kan tabarma, ba tare da ya ɗago ba. “Wannan na san mai ita. Kuma in na danna sai ta yi shiru.”

Ya yarda a sa ni a matsayin mai tallafa masa, don haka ina jin saƙonninsa daga Rano, ran Asabar kuma ina leƙa zauren. Ni da son jin ƙwaƙwaf, na samu abin yi. Akwai wani dattijo daga Kibiya da ya yi mako guda yana niyyar zuwa aski, ranar da ya je ya cire hula ya nuna mana kansa yana ƙyalli, duka muka yi masa barka kamar ya dawo daga Makka. Akwai wata mata da ta ce za ta yi wa 'yarta kitso, ta yi hasashen kaɗan, da yamma ta ce ita fa ba ta san wanne za ta zaɓa ba, don ta yi kuka kuma ta ji daɗi. Na lura ba wanda yake zaɓar babban abu. Wanke hula, gyara igiyar shanya, gaida maƙwabci ta kan katanga.

Na Yaya kuwa kullum iri ɗaya ne. Da safe ya ce, “Zan ba awaki dusa. Kaɗan.” Ko, “Zan share gindin bishiya. Kaɗan.” Ya fi yawan cewa, “Zan ɗebo ruwa a tuƙa-tuƙa.” Da yamma ya ce, “Ban yi ba.” Ba ƙari, ba bayani. Sista ta tambaye shi me ya hana, ya ce haka nan. Makonni suka shuɗe a haka, har wata Asabar da na kunna saƙonsa na yamma ina tsaye a bakin murhu.

“Sista, a cire ni. A ba wani wurin. Kowa yana yi, ni ban taɓa yin ko ɗaya ba. Ni dai na riga na lalace.”

Na kashe wutar na zauna a ƙasa. Sista ta kira ni, ta ce ta roƙe shi ya ƙara haƙurin mako guda, ya ce to. Ta ce, “Malama, ni safe da yamma kawai nake ji. Abin da ke tsakani ba na ganinsa ta waya. Ki je ki zauna, kada ki ce komai, ki kalla kawai.” Lokacin an yi hutun makaranta. Na nemi izini a gida, na hau babur sai Rurum.

Washegari bayan an sha koko, Yaya ya je jikin rumbu ya saurari saƙo, ya ce zai ɗebo ruwa, ya dawo tabarma. Na zauna a bakin ƙofar Inna ina yankan kuɓewa ina satar kallonsa. Ya daɗe. Inuwa ta matsa daga ƙafarsa, kaji suka zo suka wuce. Can sai na ga ya dafa ƙasa, ya miƙe, ya laluba silifas, ya nufi bokitin ƙarfe da ke jikin randa. Ya ɗauka.

Bai kai zaure ba Inna, da take tankaɗe ta ba shi baya, ta yi gyaran murya ta ce, “Auta!”

Auta yana goge babur. Ya yar da tsumma ya taho da gudu. “Haba Yaya, kawo, kawo! Muna raye za ka ɗauki bokiti?” Ya rusuna ya karɓa da hannu biyu, ya fice. Yaya ya tsaya hannu a sake, ya kalli ƙofar zauren, ya juyo ya koma ya zauna. Bai sake motsi ba sai azahar.

Kashegari tsintsiya ya ɗauka. Matar Auta ta fito daga madafa tana salati. “Subhanallahi, Yaya, ka rufa min asiri!” Ta zare ta daga hannunsa, ta share gindin bishiyar tas, har da yayyafa ruwa. Da la'asar ya miƙa hannu zai ɗauki buta, sai ga nawa hannun ya riga shi, ni da aka aiko in yi kallo. Na tsaya ina duban butar a hannuna ina mamakin yaushe na tashi.

Haka aka rene mu. Ƙarami ba ya zama babba yana ɗauke da kaya, kuma ba a barin mara lafiya ya wahala. Yaya ya haɗa biyun. Ashe duk makonnin nan yana tashi. Mu ne muke tsaye tsakanin safiyarsa da yammacinsa, da ladabinmu.

Na tambaye shi me ya sa ba ya hana su. Ya ce, “Kafin in miƙe sai na yi ta lallashin jikina tun safe. In an karɓe, ba ni da na biyu.” Ya ƙara da cewa, “Kuma ta yaya zan yi kokawa da wanda yake girmama ni?”

Da na gaya wa Sista, ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. Ta ce ita ma a gidansu ba ta taɓa barin babban wansu ya ɗauki ko tabarma ba, amma bai taɓa faɗo mata a rai ba. Shirin yana tambayar abin da ke cikin mutum, gajiya ko tsoro ko kasala, ba wanda ya yi tunanin tambayar ko akwai mai karɓe masa bokiti. Ta ce in yi wa mutanen gida magana a hankali.

A hankali ba halina ba ne. Na tare Auta a zaure na zazzage masa. Ya ce, “Anti, kin san me za a ce a garin nan? A ga Yaya da ciwonsa yana tuƙa famfo, ƙato kamar ni yana gida? Ni ba zan iya shiga majalisa ba.” Na ce majalisar ce za ta tayar maka da ɗan'uwanka? Ya ce shi dai in Inna ta kira shi, zai tashi.

Inna ce mai wuyar. Yaya ɗan farinta ne, kuma ita ta mutanen da ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama inda yake zaune. In za ta yi zancensa sai ta ce “yayanku”. Ko lokacin da yake kwance a asibiti, in na dawo ba ta ce min yaya jikinsa, sai dai ta ce, “Kun dai samu abin da kuka ci a can?” Na same ta a ɗaki na yi mata bayanin daɗi da ɗoki, na yi mata bayanin hasashe, na ce duk lokacin da ta kira Auta tana mayar da Yaya kan tabarma ne. Na ga ranta ya ɓaci.

“Ke da bokonki da wayarki, yau ni za ki koya wa riƙon ɗa?”

Na ce ba haka nake nufi ba, amma ki daina sa a karɓe masa.

Ta juya ta fuskanci bango tana ninke zanin da yake a ninke. Sannan ta ce, “To in ban sa an ɗauke masa ba, me zan yi masa?”

Sai a lokacin na ga abin da nake nema a wurinta. Uwar da ba ta iya dafa kafaɗar ɗanta, ba ta iya ce masa sannu ido da ido, abu ɗaya ya rage mata, shi na zo in karɓe. Na fita, tausayinta da haushinta duk sun cika ni.

Ran Juma'a, ana gobe makon da Sista ta roƙa zai cika, Yaya bai je jikin rumbu ba. Wayar ta yi ƙara a gefen tabarma, ya kife ta. Na kalli Auta, Auta ya kalli babur ɗinsa.

Inna ta fito daga ɗaki da moɗa a hannu. Ta buɗe randa, ta zura moɗar har muka ji ta bugi gindi. Ta tsaya tana kallon cikin randar, ta ce da ƙarfi, ba da kowa ba, “Randar nan babu ko ɗigo. Ni kuma ƙishirwa nake ji.”

Ni na san da asuba randar nan a cike take, don a ciki na yi alwala. Na waiga bayan madafa, sai na ga gindin zogale ya yi jagab, ruwa har yana gangarawa wajen turken awaki.

Auta ya zabura. Inna ta kama gefen rigarsa ta riƙe. Ba ta kuma saki ba. Matarsa ta leƙo, na harare ta, ta koma. Muka zauna, gida guda, ba mai kallon darbejiya. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san Inna tana riƙe da rigar Auta. Sannan muka ji ƙarar silifas, muka ji mariƙin bokiti ya yi ƙara, muka ji ya ratsa zaure.

Sai wani tsoron ya kama ni: a waje ma ai akwai masu ladabi. Na ja mayafi na laɓe a bakin zaure. Tuƙa-tuƙar tana kan kwana, ana hango ta daga ƙofarmu. Ai kuwa yana isa wani maƙwabcinmu tela ya taso daga kan kekensa yana miƙa hannu. “Malam, kai da kanka? Ina su Auta? Kawo nan!”

Yaya ya mayar da bokitin bayansa. Na ji shi sarai ya ce, “Bari. Inna ce ta aike ni.”

Tela ya janye hannu ya ce, “To, to, Allah ya yi albarka.” Ba mai shiga tsakanin mutum da aiken mahaifiyarsa.

Ya tuƙa famfon yana hutawa. Ya dawo wando jiƙe sharkaf, kusan rabin ruwan ya zube a hanya. Ya juye a randa, ya ajiye bokiti, ya tsaya yana haki. Inna ta saki Auta, ta ɗiba a moɗa, ta juya baya, ta durƙusa ta shanye. Sai ta dube ni, ni da ban ɗebo komai ba, ta ce, “Ruwan nan da sanyi.”

Kafin la'asar magana ta zaga. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shigo takanas ta ce da Inna ba ta kyauta ba, tana da ƙarami a gida ta aiki babba mara lafiya. Inna ta ce, “Haka ne,” ta ci gaba da tsinkar zogale.

Ba zan ce daga ranar Yaya ya warke ba. Har yanzu yana shan magani, kuma akwai ranakun da tabarma take cin nasara. Jakar sifanonin ta ƙara watanni a ƙusa kafin ya sauke ta ya kankare ɗakin zanzaron, injin farko da ya taɓa kuwa na wani ne da ya ce ba sauri yake yi ba. Auta ya koyi fita aiki da wuri don kada idonsa ya gani. Sista ta ƙara tambaya ɗaya a saƙon yamma na kowa da kowa: akwai wanda ya yi maka aikin? Ta ce amsoshin da ta samu sun ba ta mamaki. Randar Inna kuma ta zama mai yawan ƙafewa, zogalen bayan madafa ya fi na kowa kore a unguwar har cikin bazara.

Amma a yammacin Juma'ar nan ban san duk wannan ba. Na ga dai Yaya ya ɗauki wayar ya je jikin rumbu, ya juya mana baya ya yi magana ƙasa-ƙasa. Saƙon ya shigo tawa wayar. Na saurara, na je na tambaye shi ko zan iya kunna wa Inna. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ba wani abu ba ne.

Na same ta a ɗaki tana jan carbi, na zauna a bakin gado na kunna.

“Sista, da safe ban amsa ba, don haka ban yi hasashe ba. Amma na ɗebo ruwa. Ya zube a hanya, saura kaɗan na kawo.” Aka ji numfashinsa, aka ji kukan akuya. “Inna ta sha. Kada a cire ni tukuna.”

Carbin ya tsaya a hannunta. Ba ta dube ni ba, tana kallon bangon nan nata.

“Wayar nan taki ba ta da ƙara,” ta ce. “Sake kunna min.”